Watanni Goma na Na'Allah a Kano

Na'Allah ɗan Dandin Mahe ne, amma a Bodinga aka fi saninsa, domin a nan ya yi yawancin shekarunsa yana aikin malamin fata. Aikin kuwa shi ne ya bi kasuwanni ya ga yadda mahauta ke fiɗa, ya hana su huda fata da tsinin wuƙa, ya tabbatar an shanya ta a rumfa cikin inuwa, ba a shimfiɗe ta ƙasa rana ta ƙona ta ba. Na yi shekara shida ina bin sa a wannan aiki, kuma daga bakinsa na ji abin da zan faɗa.

Mahaifinsa, Ummaru, manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani a fadama. Babu mahauci ko majemi a zuriyarsu. Na'Allah ya gama firamare, ya yi shekara biyu yana taya malamin dabbobi riƙe shanu lokacin allurar ciwon bushiya. Cikin 1965 En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta sa sunansa a cikin waɗanda za a tura Kano koyon aikin fata. Yana da shekara ashirin da ɗaya, bai taɓa wuce Sakkwato ba.

Mota ta kai shi Gusau, jirgin ƙasa ya ɗauke shi zuwa Zariya, ya sake wani zuwa Kano. Da suka doshi tasha ya hango dalar gyaɗa jere, ya ɗauka duwatsu ne, ya tambayi na kusa da shi sunan duwatsun. Mutumin ya yi dariya har ya ƙware.

An sauke su a wani gida a Fagge, mutum huɗu ɗaki ɗaya. Malaminsu, Malam Nuhu, Bazazzagi ne mai ƙarancin magana. Ya raba musu gajeren wando da taguwa na kaki, da wuƙar fiɗa mai zagayayyen baki, wadda ba ta da tsini ko kaɗan. Ya ce da safe aji, da hantsi kwata.

Ranar farko a kwata Na'Allah ya ga abin da bai taɓa gani ba. A garinsu sa ɗaya ake yankawa ranar kasuwa. Nan kuwa shanu ne a jere ana kayar da su ɗaya bayan ɗaya, jini na gudu a kwalbati, ungulaye sun cika katanga. Ana cikin haka wani bijimi baƙi ya tsinke igiya. Ya bi ta kan wani dattijon mahauci da ke sunkuye yana wasa wuƙa, ya soke shi a cinya da ƙaho, ya ɗaga shi ya maka da bango. Mutane suka watse. Na'Allah ya saba da shanu, sai ya fizgi guntun igiyar da ke jan ƙasa ya naɗa a turke. Bijimin ya juyo kansa. Kafin ya iso, wani saurayi siriri ya faɗo ta baya ya sare masa agara da sara ɗaya, san ya durƙushe, saurayin ya hau wuyansa ya kira mai yanka.

Da aka ɗauke dattijon zuwa asibiti, saurayin ya zo yana goge wuƙa a wandonsa.

“Kai ɗan boko, ashe ba ka da tsoro. Daga ina?”

“Daga ƙasar Sakkwato muka hito,” in ji Na'Allah.

“Kuka hito!” Saurayin ya kwashe da dariya. “To daga yau sunanka Sakkwato. Ni ne Ɗantani.”

Ɗantani ɗan birni ne, mahauci ɗan mahauci, kuma ɗan tauri. Yakan goga wuƙa a cikinsa don a gani. Shi ya nuna wa Na'Allah Kano. Ranar Juma'a bayan masallaci da ranar Lahadi babu karatu, sai su kama tafiya da ƙafa. Sun hau Dala, Na'Allah ya ga gari shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ya ce, “Wanga gari ba ya ƙarewa?” Sun ɓace a kasuwar Kurmi tsakanin 'yan sirdi da 'yan turare, Ɗantani ya ƙi nuna masa hanya sai da ya nemo da kansa. Sun je marina a Ƙofar Mata. Sun je wajen majema a Ƙofar Wambai, inda Na'Allah ya ga fatun jar akuyar ƙasarsu cikin ruwan bagaruwa, ya tsaya yana shafa su kamar ya ga 'yan'uwa. Wata Lahadi suka taka har bakin wayar filin jirgin sama, suka jira awa biyu don su ga tashin jirgi ɗaya. Ya koyi cin gurasa da tsire. Ya koyi tsallaka titi ba tare da ya ruga ba.

Yawo da Ɗantani ba ya rasa rigima. Wata rana a Fagge suka faɗa tsakiyar faɗan 'yan bangar jam'iyyu biyu. An yi lacca an tashi, wani ya zagi wani, sai gora da barandami. Na'Allah ya manne da bangon wani shago yana kallon wani mutum an fasa masa kai yana rarrafe, ana binsa da duka a gadon baya. Ɗantani kuwa ba ruwansa da kowace jam'iyya, amma ya shiga ya yi ta naushi, ya fito da fasasshen leɓe yana murna.

“Don mi ka shiga?” in ji Na'Allah. “Wa ka sani cikinsu?”

“Ba wanda na sani. Jini ne ya motsa.”

Talata da Alhamis 'yan kwas kan je siton wani kamfanin fata kusa da tashar jirgi, su koyi tantancewa. Akawun wurin, Mista Anozie, Inyamuri ne da ya shekara goma sha tara a Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Gajere ne mai tabarau. Yakan rufe ido ya shafa fata ya ce wannan daga Sakkwato take, wannan daga Barno, wannan an shanya ta a ƙasa, wannan mai fiɗar yana sauri. Ya lura Na'Allah yana da hannu, ya riƙa ware shi yana ƙara masa bayani. Da wandon kakin Na'Allah ya yage, ya ce ya kawo gida matarsa ta ɗinke.

Ta haka Na'Allah ya san Sabon Gari. Tituna ne miƙaƙƙu masu gicciye da juna, ba kamar lungunan birni ba, ga coci, ga gidan burodi, ga kiɗa daga kowane kanti. Gidan Anozie ɗaki biyu ne cikin wani gida mai tsakar gida ɗaya, da ƙofar baya mai fita wani siririn lungu. 'Ya'yansu suna makaranta a can ƙasarsu. Matar, wadda kowa ke kira Madam, tana da keken ɗinki a baranda. Ta san ba ya cin naman da bai san yankansa ba, saboda haka in ya zo sai ta soya masa doya da ƙwai. Anozie yana ɗan sayen fatun da kamfani ya ƙi, ya tara a wata rumfa a tsakar gida, su biyu su zauna suna jujjuya su rediyo na yi. Sau ɗaya Na'Allah ya je da Ɗantani, domin yana so a ɗinka masa wando. Ɗantani ya zauna yana ta kallon rediyon da keken, ya ce, “Akawun nan yana jin daɗi.”

Cikin azumi, tsakiyar Janairu, wata Asabar da safe, labari ya iso cewa sojoji sun kashe Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna. A wurin Na'Allah wannan mutuwar gida ce, domin Firimiyan ɗan ƙasarsu ne. Ya zauna a dakalin gidansu na Fagge ya yi kuka kamar yaro. Kwanaki suka wuce, aka ji sunayen waɗanda aka kashe da na waɗanda suka yi kisan, kowa ya ga yawancin masu kisan Inyamurai ne. Aka fara cewa a kasuwar Sabon Gari ana yi wa Hausawa dariya, ana nuna hotunan wulaƙanta Firimiya. Na'Allah bai gani da idonsa ba, amma ya yarda. Ya daina zuwa gidan Anozie. A sito ba ya yi masa magana sai ta aiki.

Wata Alhamis Anozie ya tare shi a bakin sikeli.

“Madam tana tambayarka. Ta ce ko ta yi maka laifi.”

Na'Allah ya ci gaba da ɗaure ƙunshinsa.

“Na'Allah, ni ban kashe kowa ba. Fata nake aunawa.”

Na'Allah ya ɗauki ƙunshinsa ya wuce. Ya gaya mini ya ji maganar ta shige shi, amma zuciyarsa ta ƙi sauka.

Haka aka tafi har ƙarshen watan Mayu, lokacin da gwamnatin soja ta ce ta soke jihohi, babu sauran Jihar Arewa. 'Yan kwas suka shiga zullumi. Ana ta cewa duk aikin gwamnati za a kawo mutanen Kudu su karɓe, har aikin malamin fata. Ranar Lahadi da hantsi suka ji ihu daga titi. Jama'a ce ta cika hanya da ganye a hannu, ana cewa, “A raba! A raba!” Biyu daga abokan ɗakinsa suka shige ciki suka sa sakata. Na'Allah ya sa doguwar rigarsa da hula ya fita. Ya soke wuƙar fiɗarsa a ƙugu. Ya ce har ya tsufa bai san dalilin da ya sa ya ɗauke ta ba.

Da farko tafiya ce da waƙa. Na'Allah ya ɗaga murya tare da kowa, ya ji wani daɗi da bai ji ba tun Janairu. Da aka kusa Sabon Gari ganyen ya ragu, sanduna suka yawaita. Wani ya jefi gilashin wani kantin magani. Na'Allah ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefa, ya ji ƙarar fashewa, aka yi shewa.

Sai ga wani mutum ya ɓullo daga kwana a kan keke, da farar taguwa da laktaye a wuya, littafin coci ɗaure a bayan keken. Ya ga jama'a ya yi ƙoƙarin juyawa, ƙafarsa ta zame. Aka yi kansa. Wani ya buga masa taɓarya a ƙeya, ya faɗi da fuska. Ya ɗaga hannu yana magana da Hausa, yana cewa shi malamin makaranta ne, a tambayi yara. Aka sare hannun. Aka ci gaba da sara har farar taguwar ta koma ja, ƙafafunsa suka daina motsi. Wani yaro ya hau keken ya tafi. Tsakanin Na'Allah da gawar bai fi taku biyar ba. Ya juya ya yi amai a kwalbati.

Aka dafa kafaɗarsa. Ɗantani ne, babu riga, layu a damtse, doguwar wuƙar yanka a hannu, bakinta jiƙe.

“Sakkwato, har da kai? Madalla. Zo mu je gidan akawunka. Keken ɗinkin nan da rediyo ba za su wuce ni ba.”

“Ɗantani, ka bar mutumen nan. Bai yi maka komi ba.”

“Wa ya ce zan taɓa shi? In ya ba da hanya shi ke nan.” Ya juya ya kira wasu. “Ku zo, na san wani gida!”

Suka tsaya fasa wani kantin yadi da ke kan hanya. Na'Allah ya sulale ya ruga. Yawon da ya yi ya amfane shi, ya san layin da zai yanke. Yana gudu yana tsallake kayan da aka zubar, ya wuce wani gida da ke cin wuta, ya wuce wata mata zaune a tsakiyar titi riƙe da kanta jini na bin yatsunta. A wani layin mutanen unguwar ne suka tare hanya da adduna da kwalabe, suka kama wani Bahaushe mai tallan goro suna duka. Na'Allah ya koma da baya ya bi ta lungu.

Ya buga ƙofar bayan gidan Anozie. Ta buɗe da ƙarfi, adda ta sauko ta datse gefen ƙofar dab da kunnensa. Anozie ne, babu tabarau, idanunsa jajur.

“Ni ne! Na'Allah ne!”

“Me ka zo yi? Kai ka kawo su?”

“Suna tahe. Ɗantani ya san gidan. Ina Madam?”

“Ta tafi coci tun safe. Ba ta dawo ba.” Ya sauke addar. “Ba zan fita ba sai ta dawo.”

“In ka tsaya kashe ka za su yi, ta dawo ta iske gawa. Mu tahi barikin 'yan sanda, can za a kai mutanen coci.”

Bai san ko gaskiya ba ne, ya dai faɗa. Ya tuɓe doguwar rigarsa da hula ya sa wa Anozie, shi ya rage daga shi sai singileti da wandon kaki. Ya shiga rumfa ya ɗauro ƙunshi biyu na busassun fatun awaki, ya ɗora wa Anozie ɗaya yadda ƙafafun fatun suka sauko suka rufe masa fuska, ya ɗauki ɗaya. Suka fita ta lungu kamar 'yan dako da suka samu ganima. Suna fita suka ji ana dukan ƙofar gaba.

Sun wuce layi uku ba wanda ya kula su. Wani ma ya ce musu, “Kun samu, kun samu!” A kwana ta huɗu suka yi kiciɓis da mutum bakwai ko takwas. Wani dogo mai gora ya tare su.

“Daga wane gida?”

“Can baya,” in ji Na'Allah. “Akwai saura, ku hanzarta.”

Dogon ya matsa zai ba su hanya, sai idonsa ya sauka ƙasa. Anozie yana sanye da baƙin takalmi sau-ciki mai igiya, an goge shi yana ƙyalli. A cikin sauri ba wanda ya tuna da shi.

“Ɗan dako da takalmin akawu?”

Ya sa gora ya ture ƙunshin. Fatu suka watse a titi, hula ta faɗi. Aka yi ihu. Gora ta sauka a kafaɗar Anozie, Na'Allah ya ji ƙarar ƙashi. Ta biyu ta same shi a gefen kai, ya zube. Na'Allah ya yar da nasa ƙunshin ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, yana cewa malaminsa ne, a ji tsoron Allah. Duka ya sauko masa a baya da haƙarƙari.

Daidai nan Ɗantani ya iso da rediyo a hammata. Ya ajiye ta a ƙasa.

“Sakkwato, tashi.”

“Ba ni tashi.”

“Tashi na ce! Su suka kashe muku mutum, kai da ka fi kowa kuka!”

“Ba shi ya kashe ba.”

Ɗantani ya kama shi a wuyan singileti ya fizge shi gefe, ya ɗaga wuƙa ya nufi cikin Anozie. Na'Allah ya kai hannun dama ya damƙe bakin wuƙar.

“Saki!” in ji Ɗantani. “Wallahi zan ja!”

Bai saki ba. Ɗantani ya ja. Na'Allah ya ce bai ji zafi ba a lokacin, sanyi ya ji, sannan ya ga yatsunsa biyu suna reto da fata kawai. Ya sa hannun hagu ya zaro wuƙar fiɗa. Ba ta da tsinin suka, sai ya shara ta sama da dukkan ƙarfinsa. Ta buɗe fuskar Ɗantani daga haɓa zuwa ƙasan ido. Ɗantani ya saki wuƙarsa ya dafe kunci, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa, yana kallon Na'Allah kamar bai yarda ƙarfe ya kama shi ba. Sauran suka ja baya taku ɗaya, sannan dogon ya sake ɗaga gora.

Ƙarar mota ce ta tsayar da shi. Babbar motar 'yan sanda ta shigo layin, aka harba bindiga sama sau biyu, aka jefo barkonon tsohuwa. Kowa ya gudu, har Ɗantani. Na'Allah na durƙushe da wuƙa mai jini a hannu, a gefen mutumin da ke kwance. Ɗan sandan da ya fara isowa bai tambaya ba, ya buga masa gindin bindiga a baki, haƙoransa biyu suka zube. Za a ƙara masa, Anozie ya ɗaga hannu daga ƙasa ya yi magana da Turanci, da ƙyar, ya ce wannan ɗalibinsa ne, shi ya fito da shi. Aka jefa su biyun a bayan mota, a kan wasu da ke nishi da wasu da suka daina.

A asibiti babu gado. An shimfiɗa mutane a baranda, Inyamurai da Hausawa gefe da gefe. Likita ya ƙarasa cire yatsun biyu, ƙarami da na kusa da shi, ya ɗinke sauran. Na tsakiyan bai ƙara lanƙwasuwa ba. Anozie ya samu karaya a kafaɗa da tsaguwa a kai. Kullum yana tambayar duk wanda ya shigo ko ya ga wata mata mai shuɗin ɗankwali.

Rana ta uku aka kira shi ɗakin gawa. An tsinto Madam a cikin kwalbati, layi biyu daga cocinsu. Ya dawo ya zauna a kan tabarmarsa, bai yi kuka ba. Na'Allah ya ja jiki ya matso kusa da shi. Ya gaya masa komai, cewa da ƙafarsa ya bi jama'a, da bakinsa ya yi ihu, da hannunsa ya jefi kanti, kuma shi ne ya nuna wa Ɗantani gidan tun farko.

Anozie ya dube shi. Can ya ce, “Ka gaya wa Allah, Na'Allah. Ni yanzu ba ni da inda zan ajiye wannan.”

Bayan mako biyu 'yan'uwansa suka zo suka sa shi a jirgin ƙasa zuwa ƙasarsu. Na'Allah ya raka shi tasha da hannu a rataye. Suka yi sallama da hannun hagu. Anozie ya ce masa ya kula da jarrabawa, ya tuna fatar da aka shanya a ƙasa tana da santsi a ciki. Ba su ƙara ganin juna ba, kuma wasiƙa ba ta taɓa zuwa ba.

Komawa kwata ta gagara. Labari ya bazu cewa ɗan boko Basakkwace ya yanki ɗan mahauta saboda Inyamuri. Ranar da ya je, wani ya jefo masa kan akuya a ƙirji, wasu suka fara wasa wuƙaƙe suna kallonsa. Ya hango Ɗantani daga nesa, fuskar a ɗinke ta karkace, ido ɗaya a rufe. Ɗantani ya tofar da yawu ya juya baya. Malam Nuhu ya kama hannun Na'Allah ya fitar da shi. Bai yi masa faɗa ba, bai yabe shi ba. Ya riƙa sayo akuya yana kawowa bayan aji, yana tsaye a kansa har ya koyi fiɗa da hagu. Fata goma sha ɗaya ya lalata kafin ya fitar da ɗaya babu huda. Cikin watan Agusta ya ci jarrabawa, ba da daraja ta ɗaya da ake sa masa rai ba, ya kama hanyar gida. Bai kai wata biyu da barin Kano ba aka sake wani kisan da ya fi na farko muni. A rediyon hakimi ya ji.

Ranar da ya isa Dandin Mahe gero ya fara fitar da kai. Ummaru yana zaune a zaure yana gyaran ƙota. Ya dubi hannun, ya dubi bakin.

“Mi ya samu hannunka?”

“Wuƙa ce, Baba.”

“Munka ji abin da anka yi Kano. Kana ciki?”

“Ina ciki da farko. Daga baya na hita.”

“Ka kashe wani?”

“Ban kashe ba.”

Tsohon ya ci gaba da fiƙe ƙotar. Can ya ce, “Shiga ka gaida innarka. Tun jiya ba ta ci komi ba.”

An tura shi Bodinga. Mahautan Shagari da na Lambara sun fara raina malami mai yatsa uku, sai da ya karɓi wuƙa a gabansu ya feɗe tunkiya da hagu ya ɗaga fatar a rana, ba ko ɗigon haske. Ba mutum ne mai sauƙi ba. Yana da faɗa a kan aiki, ya sha ƙwace wuƙa mai tsini daga hannun mahauci ya jefa a rijiyar da ta mutu. Ya auri Hajjo, 'yar wani mai albasa a Sifawa, suka haifi bakwai, biyar suka rayu.

Da yaƙin basasa ya tashi aka zo ɗibar soja, ƙanensa Maniru ya ce zai tafi. Na'Allah ya hau keke ya je Dandin Mahe, suka yi ta gardama a gona har ya kai ga marinsa a gaban mutane. Maniru ya tafi duk da haka. Ya dawo bayan shekara uku da rai, ya zama direban babbar mota, su biyun suka shirya ranar sunan ɗan fari na Maniru.

Na'Allah ya yi ritaya ya koma noman albasa a fadamar mahaifinsa. Ya rasu da damina, cikin 1998, bayan jinyar kwana tara. Mahautan Bodinga ba su yi yanka ba ranar, suka cika mota biyu suka je jana'iza.